Rigar da Ba Ta da Ɗinki

Ranar da na kai jikata gidan wasa, da azahar muka fita, ni da jakata da ciwon gwiwata, ita da takarda a ninke cikin tafin hannu. Tsuntsuwa muke ce mata, don tun kafin ta iya cewa Mama take rera waƙa. Shekararta sha tara. Malamin kiɗa na makarantarsu ne ya samo mata tikiti biyu na wasan da ake yi da waƙa da rawa, ya kuma rubuta mata takarda ta kai wa darakta, ko zai yarda ya gwada muryarta.

Ubanta, wato babban ɗana, ya ce ba inda za ta je. So yake ta zauna masa a shagon magani.

Na ce, "Kai, ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya ce, "Inna, wannan ba sana'a ba ce."

Na ce, "Haka ubanka ya ce da ɗinki, kuma ɗinkin ne ya kai ka makaranta. Matsa min na wuce."

Gidan wasan babba ne, kujeru jajaye, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Da aka ja labule makaɗa suka saki kiɗa, Tsuntsuwa ta damƙe min hannu har sai da na ce mata wannan hannu ne, ba icce ba. Leɓenta na motsi tare da masu waƙar. Hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Ni kuwa labarin wasan bai shige ni ba sosai. Shekara arba'in na yi a kan keken ɗinki, idan mutum ya tsaya gabana rigarsa nake fara gani. 'Yan rawa suka jeru cikin shuɗayen riguna, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Wannan an matse mata kafaɗa. Waccan kalmasar ƙasa ta karkace. Har na kai ta ƙarshen layi, ta sha uku.

Rigarta ba ɗinki. Ba a kafaɗa, ba a hammata, ba zif, ba maɓalli. Na cire tabarau na goge, na mayar. Sauran idan sun dira katako na amsawa. Ita tana dira, shiru.

Kuma ba 'yan kallo take kallo ba. Kujerar da ke gefena take kallo.

Na ce a raina tsufa ne.

Da aka tashi, rana ta kusa faɗuwa. Muka zagaya ƙofar baya da takardarmu. Wani dogon lungu ne, warin hoda da gumi da sitaci. 'Yan wasa na ta ficewa suna dariya, jakunkuna a kafaɗa. Wata mata mai kula da tufafi, tsohuwa kamata, da tef ɗin awo a wuya, ta ce darakta na ganawa da makaɗa, mu jira a ɗakinta.

Ina shiga na ga kekenta, irin nawa sak, hira ta ɓarke. Muka zagi zaren zamani da ke tsinkewa, muka zagi yaran da ba su iya sa maɓalli ba. Ina shafa rigunan da ta rataye, na ce, "Yaya, ki faɗa min sirrinki. Rigar ta ƙarshen layi, ta ina kika haɗa ta? Ban ga ɗinki ba."

Ta ajiye dutsen guga.

"Sha biyu na goge," ta ce.

"Sha uku na ƙirga."

Ta dubi bayana. Muryarta ta koma raɗa. "Ina yarinyarki?"

Kujerar da Tsuntsuwa ta zauna ba kowa. Takardar na ƙasa.

Sai muka ji waƙa daga wajen dandamali. Waƙar ƙarshe ta wasan ce, amma ba kiɗa. Murya ɗaya tana bayarwa, siririya, kamar daga cikin tulu. Wata tana amsawa. Wannan ta biyun ko a kabari zan gane ta.

Mai tufafi ta kama ni. "A nan, in an rufe labule an kashe fitila, ba mai amsa waƙa. Kowa ya sani, har masu shara. Ban yi tunanin gaya wa baƙo ba."

"In an amsa fa?"

"Sai ta sa wa mutum rigarta. Wata yarinya, shekarun baya, mun tsince ta da safe. Tana nan da rai. Ba ta ƙara cewa uffan ba."

"Zo mu je."

"Wallahi ba zan wuce labulen nan ba."

Ban tsaya roƙonta ba. Na ɗauki babban almakashinta a kan tebur na fita.

Lungun da ɗazu ke cike da mutane ya zama wayam. Takalmina kaɗai nake ji. Igiyoyi na lilo daga sama, ba iska. Warin hodar ya ɓace, wani wari ya zo, irin na kayan da aka rufe a akwati da danshinsu.

Na yi bismillah na ɗaga labule.

Duhu, sai wani haske kore daga fitilar da ke saman ƙofar fita. Tsuntsuwa na tsaye a tsakiyar dandamali, hannuwa a sama, kamar yadda take min tana ƙarama in zan sa mata riga. Idonta a buɗe. Tana waƙa.

Abin, wato ta sha ukun nan, na bayanta. Ya fi ta tsawo sosai. Shuɗin yadin na zubowa daga hannuwansa, ya wuce kanta, ya wuce kafaɗa, yana haɗewa da kansa kamar ruwa. Wuyan rigar na tsukewa a hankali.

Baiti ɗaya ya rage. Na sani, don duk hanyar zuwa waƙar nan ta yi ta rera min.

"Tsuntsuwa."

Ba ta juyo ba.

Abin ne ya juyo. Kwalliyar fuska tana nan, jan baki, kwalli. A ƙarƙashin kwalliyar ban ga komai ba.

"Ita ta zo," ya ce, can ƙasa-ƙasa. "A gida ba mai sauraronta. Ni ina saurare."

Maganar nan ta ba ni haushi fiye da tsoro.

Na ce, "Ƙarya kike, 'yar banza. Shekara sha tara ina sauraronta, har da lokacin da muryarta ke kama da ta akuya. Ina kike a lokacin?"

Na taka. Katako ya yi ƙara.

Na sake takawa.

Na cusa yatsu biyu tsakanin wuyan rigar da fatar jikata. Sanyi ya cije ni kamar an sa haƙora. Ina karanta Ayatul Kursiyyu, harshena na karyewa, na sa bakin almakashi.

Ya ƙi ci.

Tsuntsuwa ta buɗe baki za ta ɗauki baitin ƙarshe. Muryarta ta fara shaƙewa.

Kowane yadi yana da hanyar da yake yagewa, ko yaro mai koyo ya sani. Na lalubo da yatsa, na juya almakashin, na danna da dukkan nauyina.

Ƙyat.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta yadi ba ce. Igiyoyi suka kaɗa gaba ɗaya, labule ya kumbura. Na ja yagar har ƙasa, na finciko yarinyar, muka faɗi tare. Wani abu ya shafi ƙeyata, a hankali, kamar ana auna ni.

Ban waiwaya ba. Da rarrafe muka fito, mai tufafi ta jawo mu ta kunna duk fitilun lungun tana salati.

Kwana tara Tsuntsuwa ba ta yi magana ba. Ubanta na shigowa yana fita, ido jawur. Rana ta goma ta ce, "Kaka, ruwa," muka yi ta kuka mu duka.

Da ya share ido ya ce, "To Inna, kin ga abin da nake gudu. Magana ta ƙare."

Na ce, "Tambaye ta."

Tsuntsuwa ta ce, da 'yar muryarta a dishe, "Baba, ina takardata?"

Ya dube ni. Na ce, "Kai ba ka hana ta ba, ni ban hana ta ba, sai wata marar fuska? Allah ne ya ba ta muryar. Ba za ta bar wa kowa ita ba."

Bayan wata ɗaya muka koma, da rana tsaka. Ubanta ne ya kai mu, yana tuƙi yana ƙunƙuni. Darakta ya saurare ta, ya sa ta cikin 'yan amshi.

Yatsuna biyun nan har yau ba sa jin zafi ba sa jin sanyi, ba na iya zura zare a allura. Duk da haka ni na yi kalmasar rigarta. Mai tufafi ta zura min jan zare, na yi ɗinki manya-manya, karkatacce, irin wanda da can zan mari mai koyo a kansa. Daga kujerata ina hango shi.

Duk ranar wasa ina layin gaba, jakata a cinya, ina ƙirga. Yawanci sha biyu ne. Makon jiya sha uku na samu.

Na buɗe jakar, na fito da kan almakashin yadda haske zai taɓa shi. Na sake ƙirgawa, sha biyu.