Ta Kayar da Surukinta a Gwajin Tuƙi

"Hannu kawai za ki sa, rabin raina... Wa zai sani?"

Ta dubi saurayinta, malamin makarantar da saura wata biyu a ɗaura musu aure. Daga aji ya taho a guje, har da alli a gemunsa. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta taɓa biron ba.

Ita ce mace ta farko da aka ɗauka aikin gwada direbobi a ofishin lasisi, abokan aiki na kiranta Birki. Da safiyar ranar sunan mahaifin saurayin nata ya faɗo a layinta, tsohon direban babbar mota da ya zo sabunta lasisi. Ta roƙi shugabanta ya ba wani. Ya yi 'yar dariya, ya ce dama ya san aikin nan ya fi ƙarfin zuciyar mace. Jin haka ta ɗauki takardunta ta fita fili.

Da tsohon ya gan ta sai da ya tambaya ko mazan ofishin sun ƙare ne. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta hau kujerar gefe. Tuƙi kam ba a magana, shekara talatin ba wasa ba. Sai dai sau uku yana take robobin da aka jera a damansa bai sani ba. Ta ɗaga yatsu biyu ta gefen idonsa na dama, ta ce nawa ne. Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan su. Ta rubuta bai ci ba.

Yanzu ga ɗansa yana gaya mata Baba ya rantse ba zai karɓi surukar da ta kunyata shi a gaban 'yan'uwansa direbobi ba.

"Da namiji ne ya kayar da shi, za ka je ka ce ya canza?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Ina sonka, Allah ne shaida," ta ce. "Amma in na sa hannu ya hau titi ya take ɗan wani, da wane ido zan dube ka? Ka kai shi asibiti, masoyi. Idon ne."

Ya fita ko sallama babu.

A gida mahaifiyarta ta yi ta faɗa, wai wace irin 'ya ce za ta zubar da aure saboda takarda. Ta yi kuka, kuka na gaske, don tana son mutumin nan kamar ranta. Amma gari na wayewa ta goge kayan aikinta ta tafi. Ai gaskiya ɗaci gare ta, kuma ba ta ga dalilin da zai sa a ce mace ce za ta zuba mata sukari ba.

Sati biyar babu kira, babu saƙo. Ta rame, amma ba ta je ba da haƙurin laifin da ba ta yi ba.

Ran wata Litinin ta jiyo hayaniya a bakin kantar ofis. Tsohon ne, da sabon tabarau, Malam na bayansa yana satar kallonta. Ashe Malam ne ya ja uban zuwa asibiti da kansa, aka cire masa yanar ido. Kunya ce ta hana shi kiranta, ya ce sai ya zo da abin nunawa.

Shugaba ya yi saurin cewa za a ba Baba namiji ya gwada shi. Tsohon ya daka masa harara. Ya ce maza uku suka gwada shi a baya, idon na mutuwa suna ce masa "Baba wuce", saura kaɗan su tura shi lahira da ladabinsu.

"Ku kira mini 'yata."

Ta fito, ta durƙusa. Malam ya matso ya ce a hankali, "Ki yafe mini, zuciyata... Na ji kunyar kaina." Ta kalle shi, murmushi ya ƙwace mata.

"Ranar biki ni zan tuƙa motar amarya," in ji tsohon. "In kin yarda."

Ta buɗe masa ƙofar mota, hawaye na sauka, biro a hannu.

"Bismillah, Baba. Bari mu fara ganin yadda kake baya-baya."