Ranar da Maryamu Ba Ta Kuka

Ranar Jumma'a da hantsi aka buga wa Sufeto Zulkifilu waya cewa an tsinci gawa a wani gida bayan layin dogo, a Agege.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, kyandirori a ko'ina. A kan tebur akwai mutum-mutumin Budurwa Maryamu, busasshen jini a kumatunsa. A ƙasa kuwa Baba Mato ne kwance, katikis, wato mai koyar da addini, na 'yan Katolikan Arewa da ke unguwar, ƙeyarsa a fashe. A hannunsa akwai auduga da 'yar kwalba.

Mata sun cika ƙofa suna jan carbi. Wata ta ce, "Oga, annabci ne ya cika. An ce mai shakka ba zai ga bikin Ista ba."

"Wa ya ce?"

"Uwarmu Maryamu, ta bakin Talle."

Talle shi ne mai ɗakin, ɗan dakon nama a mahautar Oko-Oba. Wata uku ke nan yana cewa Maryamu na yi masa magana, mutum-mutumin kuma yana hawayen jini.

"Ina kake da safen nan?" in ji Sufeto.

"Ina wajen aiki, ranka ya daɗe. Tun asuba. Dawowa na yi na tarar da shi haka."

Sufeto ya dubi farar rigarsa, tas da ita, ko ɗigon jini babu.

Ya wuce coci wajen Fada. "Ni Musulmi ne, Fada, ka fahimtar da ni. Dole ne mabiyanku su yarda da wannan wahayin?"

"Ba dole ba ne. Abin da ya wajaba a kanmu ya cika tun zamanin manzanni. In wani ya ce an yi masa magana shi kaɗai, Bishop ne ke bincike, yakan ɗauki shekaru. Ko an amince, wanda bai yarda ba bai yi zunubi ba. Kuma saƙon da ke yi wa mutum barazanar mutuwa, ni ban san shi daga sama ba."

"Audugar fa?"

"Ni na aiki Mato ya shafo jinin a kai gwaji." Muryar Fada ta karye. "Ni na aike shi."

Fatu, matar marigayin, tana zaune a tabarma ita kaɗai. Maƙwabta sun ƙi shigowa ta'aziyya, wai mijinta ya mutu a la'ance, kada a binne shi cikin masu bi.

"Shekara talatin yana koya wa 'ya'yansu addu'a," ta ce. "Yau shi ne la'ananne. Ɗana, ka wanke mini shi."

"Mama, me ya sa ya yi shakka?"

"Ya ce mini, 'Fatu, wace irin uwa ce za ta yi kuka Litinin, ta yi Talata, amma ranar Jumma'a da aka gicciye ɗanta idonta ya bushe?' Tun da muka shiga azumin kwana arba'in, bai taɓa ganin ɗanyen jini ranar Jumma'a ba."

Sufeto ya hau okada sai Oko-Oba. Ya sami Alhaji Munir, ubangidan Talle, yana wanke wuƙaƙe.

"Talle? Yau? Haba oga! Ai tun da suka fara azuminsu ba ya leƙo nan ranar Jumma'a. Wai ba sa cin nama, shi ko taɓawa ba ya yi. Sauran ranaku kam yana zuwa, har ya roƙi jini a 'yar roba, wai na karensa."

"Yana da kare?"

"Wanda ko kaza ba shi da ita?"

Da la'asar Sufeto ya koma, ya sa aka kira Fatu da matan nan.

"Talle, ka ce kana mahauta. Alhaji ya ce ba ka zuwa ranar Jumma'a. Jinin shanu kuma ba ya kwana bai daskare ba, shi ya sa yau babu hawaye. Ko mu jira gwaji?"

Talle ya dubi matan. Babu wadda ta ɗago kai. Sai ya sulale ƙasa.

"Shekara goma ina ɗaukar nama a ka, in na shiga motar danfo a toshe hanci. Da wannan wahayin ya zo, har tsofaffi ke durƙusa mini. Na roƙi Baba Mato ya bar audugar, ya ƙi. Ture shi kawai na yi, ya bugi bakin tebur. Wallahi azumina na gaskiya ne."

"Azumin ne ya tona ka," in ji Sufeto, ya sa masa ankwa.

Da aka fita da shi, Fatu ta jiƙa bakin zanenta, ta goge fuskar Maryamu har ta yi fari. Sannan ta juyo wajen matan.

"Gobe ƙarfe goma za a binne shi, a cikin masu bi. Wadda ya koya wa ɗanta addu'a, ta san hanya."