Tayar Motar Gwangwani

A wani shagon firam na Sabon Gari Taofeek ya fara ganin Zaituna, a nan kuma ta tsane shi.

Zanenta na fentin ruwa ta kawo a sa masa gilashi: motar gwangwanin madara, irin wadda yara ke ja da zare. Taofeek ya tsaya kallo, ledar ruwan sanyi a hannunsa. Tun da ya dawo daga karatun injiniya a waje bai ga abin da ya taɓa zuciyarsa haka ba.

"Har tsatsar ta fito! Tayar nan kuwa da silifa muke yanka ta..." Ya ɗora jiƙaƙƙen yatsansa a kan zanen. Tayar ta narke.

"Malam, ido ne babu ko hankali?"

Motar yayanta ce, marigayi. Ita motar ta ɓace tuntuni, zanen kaɗai ya rage, ta kuma kasa sake zana tayar yadda take.

Wurin mai shago ya samo lambarta.

"Ki yi haƙuri. Zan ƙera miki irinta ki duba."

"Ka fara koya wa hannunka tarbiyya."

Ya ƙera. Ta ce amalanke ce. Ya ƙera wata, ta ce ya kawo da kansa ta nuna masa shirmensa. Haka zance ya fara a soron gidansu na Fagge, rabinsa faɗa.

Mahaifinta Alhaji Mala ya ce sam. Injiniyan da ke tsintar gwangwani a bola ba miji ba ne, ga Abdulƙahhar mai shago a kasuwar Kwari yana jira.

Wata la'asar ya ritsa Taofeek a soro.

"Ban hana ka zuwa ba?"

Sai idonsa ya faɗa kan motar. Ya fizge ta, ya jujjuya ta. Ya tsura wa tayar ido.

"Murfin kwalba marigayi ɗana yake sawa a tsakiyar taya. Kai ba ka iya ba. Ba ni ƙusa."

Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa ya gyara. Bai ɗago ba ya ce, "Turo magabatanka."

Taofeek ya tura mata saƙo: "Zaitun tawa, kin yafe?"

"A'a. Kar dai ka makara, Mai Yatsa."

Bayan ɗaurin aure Alhaji Mala ya riƙe hannunsa.

"Allah ya yi muku albarka. Kai kuma Allah ya ƙara maka haƙuri, don za ka buƙata."