Lefen Da Ya Sha Gumi

"Gwanjo ne," in ji Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, tana ɗaga atamfar da yatsu biyu. "Ku sansana ku ji. Wata ta ɗaura ta gaji, sannan anka kawo ma ɗiyarmu."

Ina cikin ɗaki, kunnena manne da labule. Lefena ake buɗewa a tsakar gidanmu na Illela, lefen da Mas'udu ya yi shekara uku a Abijan yana sayar da albasa kafin ya haɗa. Turmi bakwai daga ciki duk sun yamutse, ga shatin gumi fari-fari a jikinsu.

Na san inda Gwaggo ta dosa. Ɗanta Labo, mai shagon yadi a Ƙonni, ya daɗe yana aiko mini da turare ina mayarwa.

"Labo ko barci shikai ba shi yi muna wanga cin mutunci," ta ce da ƙarfi don Baba ya ji.

Baba ya ji kuwa. Ya ce gobe da hantsi a mayar musu da kayansu.

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, don ina son Mas'udu, kuma na ji haushinsa kamar in shaƙe shi. Da la'asar na ce za ni kitso wurin Binta, yayarsa. Can na same shi a zaure, zaune ƙiƙam, ya ƙi jingina da bango.

"A'i, hasken idona..."

"Riƙe haskenka. Wa ta ɗaura zannuwana?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mas'udu, gobe za a maido kaya. In kana da wata a Abijan, hwaɗi mini in san inda dare ya yi mini."

"Wallahi babu wata."

"To wa ta ɗaura?"

Ya ce a hankali, "Ni ne."

Na zaci zazzaɓi ke damunsa. Sai ya kwashe labari ya ba ni. Don kada ya makara ranar kawo lefe, ya bar mota ya sayi tikitin wani kamfanin jirgin sama mai araha zuwa Yamai. An ce masa kilo arba'in. Da ya isa filin jirgi aka ce an rage zuwa ashirin, tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi kamfani ke tsuke bakin aljihu. Abinci ma an daina bayarwa, ruwa sai ka saya.

"Sunka ce in biya ƙari ko in bar rabin kaya nan. Ba ni da na ƙari. Na duba, kowane turmi da sunanki na saye shi, wane zan bari? Sai na shiga makewayi na naɗe bakwai a jikina, na aza babbar riga bisa."

"Har Yamai?"

"Har Yamai. Awa huɗu muna zaune cikin jirgi bai tashi ba, ko iska babu."

Ya janye wuyan rigarsa kaɗan. Fatar duk ta saɓule, ta yi jawur. Nan take hawaye suka zubo mini, ga dariya tana cina.

"Don mi ba ka hwaɗi ba, masoyina?"

"Namiji ya ce ya ɗaura zanen mata? Yaran Illela sai sun yi mini waƙa."

"To zaɓi. Ko waƙa, ko ka ji ana guɗata a Ƙonni."

Washegari tun kafin a ɗaure akwatuna sai ga shi ya yi sallama da Baba, ya durƙusa a ƙofar gida, gaban maƙwabta, ya faɗi komai bai rage ba. Ina leƙe ta kafar zana. Baba ya yi ta maza ya daure, can dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi.

Gwaggo ta fito a fusace.

"Yaya, dariya kakai? Labo na iya sayen sabbi ashirin yau ɗin nan."

"Shina iya saye," in ji Baba yana share ido. "Shina iya ɗaurawa?"

Gwaggo ta ja tsaki ta koma ciki.

Waƙa kam an yi ta. Kafin sati ya zagayo, duk inda ya gifta a kasuwa sai ka ji yara na "Mai-zane ya sauka!" Yana jin zafin abin, na sani, don har hanya yake sakewa.

Ranar da za a kai ni ɗakin Mas'udu, Inna ta zaɓo mini leshi mai tsabta daga waɗanda suka zo cikin akwati. Na ce a'a. Na ɗauko atamfar da ya fara naɗawa, wadda ta fi kowacce shan gumi, na ɗaura na ratsa tsakiyar gari da ita.

Da ya ɗaga mayafina ya gane ta, sai ya rufe fuska da tafin hannu.

"A'i, so kike su ƙara baiti?"

"Su ƙara," na ce. "Yanzu mu biyu munka ɗaura."