Ɗankunnen Farfesa Ɗayyabu

Akwai laifin da ba a ɗaure mutum a kansa, amma ya fi sata muni: a ba ka amanar kunnen yaro don ka zuba masa ilimi, kai kuwa ka toshe shi don kada ya ji kowa sai kai. Wannan shi ne laifin Farfesa Ɗayyabu Na'iya, ga kuma yadda ya biya.

Kowace safiya in ɗalibai suka cika babban zauren lacca na Jami'ar Tudun Haske, sai ka ga kowa ya kai yatsa bayan kunnensa ya danna. Nan take ƙarar duniya ta ɗauke. Motocin haya masu shawagi tsakanin benaye, da injinan sanyaya gari masu gurnani ba hutu, duk sai su yi tsit a kunnen mai dannawa. Abin da suke dannawa wata 'yar na'ura ce da ba ta fi ƙwayar wake ba. Sunanta a hukumance Matatar Ji, amma kowa ɗankunne yake ce mata. Aikinta tace sauti: ta danne hayaniya, ta ɗaga muryar da ta cancanci a ji. Ko malami bai zo ba tana iya ba da darasinsa da muryarsa, har da gyaran muryar da yake yi, don ta riga ta haddace shi.

To, wa zai gaya wa na'ura muryar da ta cancanci a ji? Kwamiti aka kafa, aka ɗora Farfesa Ɗayyabu a kai, shi da yake koyar da kimiyyar siyasa.

A wancan zamanin jam'iyyu biyu ke jan garin. 'Yan Tsani suna cewa a ci gaba da gini sama, a bar tsoffin unguwannin ƙasa su mutu da kansu. 'Yan Tulu suna cewa a fara kai wa na ƙasa ruwa tukuna. Farfesa ɗan Tsani ne har cikin ɓargonsa, kuma wannan ba aibi ba ne, kowa da inda zuciyarsa ta kwanta. Aibin shi ne ya gaji da ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, “Amma Malam, Dakta Mu'azu ya ce mana ba haka ba ne.”

Dakta Mu'azun nan malamin tarihi ne, ɗan Tulu, kuma taubashin Farfesa ne, ɗan goggonsa. Tare suka tashi, kwano ɗaya. Tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba su taɓa kwana da fushi ba. In suka haɗu a barandar jami'a, tun daga nesa Mu'azu zai ɗaga murya.

“Kai bawana! Yau kuma wace ƙarya ka dafa wa yaran mutane?”

“Wadda ta fi taka gishiri, tsohon banza. Ka zo da yamma in sam maka.”

Da yamma kuwa sai su hau rufin gidan Farfesa, su yi ta musu har shayi ya huce. 'Yar Farfesa guda ɗaya, Barira, wadda uwarta ta rasu tun tana ƙarama, a nan ta girma, tana zaune tsakaninsu tana dariya, yau ta goyi bayan Baba, gobe ta goyi bayan Kawu Mu'azu.

Farfesa bai goge muryar kowa ba. Shi dai ya ce wa na'urar ta riƙa rage muryar 'yan Tulu kaɗan, kamar yadda take rage ƙarar inji. Da masu kula da ita suka tambaye shi yadda za ta gane ɗan Tulu, tunda ba a goshi ake rubutawa ba, sai ya ba ta ƙa'ida: ta duba waɗanda mutum yake zama da su, waɗanda yake cin abinci da su. Wanda ya daɗe a cikinsu, nasu ne. Sannan, don tsoron kada wata rana 'yan Tulu su ci zaɓe su juya abin, ya kulle ƙa'idar yadda na'urar ba za ta karɓi gyara ba sai daga muryar da ita kanta ta amince da ita. Ya kuma riƙa nanata wa ɗalibai cewa duk wanda ya ce ku cire ɗankunnenku, to so yake ya zuba muku guba.

Shi kansa bai taɓa sa ta ba. Yana cewa kunnensa ya tsufa da sabon abu.

Sannu a hankali ajin Dakta Mu'azu ya fara zubewa. Ɗalibai suka ce tsohon ya koma gunaguni, ba a jin abin da yake faɗa. Ya ƙara ɗaga murya har maƙogwaronsa ya dishe, a banza. Ɗaga hannu ya ƙare a ajin Farfesa, sai gyaɗa kai. Farfesa kuwa, da yake ya san ƙa'idar da ya kafa, sai ya daina gayyatar taubashinsa shayi. In ya hango shi sai ya sake hanya.

Ranar da Mu'azu ya ajiye aiki, ya tare Farfesa a bakin lifta.

“Bawana, tsaya. Ba roƙonka zan yi ba.”

“Ina sauri, Mu'azu.”

“Na sani, kullum cikin sauri kake yanzu. Abu ɗaya zan gaya maka. Muryata lafiyarta lau. Jiya na daka wa akuyar maƙwabci tsawa, sai da ta tsallake katanga. Yaranka ne ba sa ji na, kuma na san hannun da ya yi wannan aikin, tun muna yara na san shi a cikin kwano.” Ya yi dariya, amma ba irin ta da ba. “Ka ci musu, Ɗayyabu. To sai ka nemi wanda za ka gaya wa ka ci.”

Mu'azu ya sauka unguwar Ƙasan Gada, inda hasken rana ba ya isa sai da tsakar rana, bai sake hawowa ba.

Shekaru suka shuɗe. Ɗaliban Farfesa suka fita suka cika ofisoshi da kotuna da gidajen rediyo, kowa da ɗankunnensa, don wanda ya saba da ita in ya cire, ƙarar gari sai ta nemi tsaga masa kai. Barira ma ta shiga jami'ar, ta sa nata, ta zama shugabar matasan Tsani. Farfesa ya samu duk abin da ya nema. Da yamma yakan hau rufin gida da butar shayi, ya faɗi wata magana da gangan, wadda ya san karkatacciya ce, ko Barira za ta musa. Sai ta ce, “Gaskiya ne, Baba,” ta ci gaba da latsa allonta. Sai ya zauna yana kallon fitilun motoci suna wucewa ta saman kansa, kofi na biyu yana kife a kan tire.

Wata rana da hantsi aka aiko masa cewa Allah ya yi wa Mu'azu rasuwa. Marigayin bai bar ɗa namiji ba, ba shi da wa, ba shi da ƙane. Farfesa ne namiji mafi kusa, shi ya kamata ya zauna a karɓi gaisuwa.

“Barira, ɗauko mayafinki. Kawunki ya rasu.”

“Allah ya jiƙansa,” in ji ta. Ba ta motsa ba. “Amma Baba, Ƙasan Gada fa? Zaman makoki a tsakiyarsu?”

“Mutumin da ya goya ki a wuyansa ne.”

“Kai ka koya mana cewa wanda ya daɗe a cikinsu nasu ne. Ka yi masa addu'a daga nan mana, ai tana isa.”

Ya dube ta, ya ji maganarsa ce tsaf a bakinta, har da inda yake jan numfashi. Ya sa hularsa ya fita shi kaɗai. A ransa yana cewa, na'urar da na raina da hannuna ai ta san mai gidanta.

Ya bi gawa, ya sa hannu aka binne. Ya zauna a kan tabarma a ƙofar gidan har aka share makoki, yana amsa gaisuwa, yana sa hannu a tire ɗaya da 'yan Tulu. Sun san ko shi wane ne, Mu'azu bai ɓoye musu ba. Ba wanda ya zage shi. Sukan ce, “Ya haƙuri, Farfesa?” ya ce, “Da godiya,” shi ke nan, sai su juya su ci gaba da hirarsu a hankali. A wurin ya ji ana musu a kan famfon unguwa, wani tsoho da wani saurayi, kowa na katse kowa. Bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba, mutane suka ɗauka na mamaci ne kawai.

Da ya koma jami'a ya shiga zaure, ya yi sallama. Ba wanda ya amsa. Ya sake yi da ƙarfi. Ɗalibai suna kallon gaba, suna rubutu, suna gyaɗa kai. Can sai duk zauren ya fashe da dariya lokaci ɗaya, alhali bai ce komai ba. Sai ya gane. Na'urar ta lissafa shi cikin 'yan Tulu, ta danne muryarsa, ta ɗauko Farfesan da ta haddace tana ba su darasi da shi. Wancan ne ya ba su dariya.

Ya ruga ɗakin da ake kula da na'urar, ya tsaya gaban makirufo ya ba da umarnin a buɗe ƙa'ida. Allo ya nuna cewa an ji hayaniya, a sake gwadawa. Ya yi ta maimaitawa har muryarsa ta dishe. Ya koma zaure ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa su cire ɗankunnensu su saurare shi. Suka karanta, suka dubi juna. Wani dogon ɗalibi ya taso cikin ladabi ya goge rubutun, ya kama hannunsa ya raka shi waje kamar mara lafiya.

Saura Barira. Ya same ta a rufin gida da la'asar. Ya durƙusa a gabanta, shi da bai taɓa durƙusa wa kowa ba, ya nuna kunnenta, ya haɗa hannuwansa biyu.

“Baba, bakinka kawai nake gani yana motsi,” in ji ta, idonta ya kawo ruwa. “Na san abin da kake so. Kai ka ce duk wanda ya nemi haka guba ya riƙo. Ba ka ce ban da kai ba.”

Ya miƙa hannu zai cire mata da kansa. Ta ja da baya, ta dafe kunnen da tafinta.

“Yanzu haka kana yi mini magana a nan ciki,” ta ce. “Kana cewa in yi haƙuri, in riƙe gaskiya. Wanne zan bi?”

Ta sauka. Ba a jima ba ta kwashe kayanta ta koma masaukin matasan jam'iyya.

Jami'a ba ta kore shi ba, don a wurinta bai taɓa fashin aji ba. Har yau Farfesa Ɗayyabu yana koyarwa kowace safiya, ana yaba masa, ana ba shi lambar girma. Wani tsoho kuma yana zaune a rufin gida da butar shayi, yana magana shi kaɗai.

Ga abin da ya rasa, a ƙirga. Ya rasa taubashinsa, tun kafin mutuwa ta ɗauke shi. Ya rasa ɗalibansa, waɗanda suke jin sa kullum kuma ba sa jin sa. Mutanen sama ba sa iya jin muryarsa, mutanen ƙasa suna iyawa amma ba sa so. Ya rasa 'yarsa guda ɗaya. Muryar tasa ma ba tasa ba ce yanzu, tana can tana aiki ba da shi ba. Abin da ya rage masa kunnuwa biyu ne lafiyayyu, waɗanda bai taɓa toshewa ba, yana jin komai na garin da su, ba mai ce masa ba haka ba ne.