Numfashi a Ɗakin Ƙwai

A Zuru akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Mamanta Saloma tana ƙyanƙyashe ƙwai da inji, ta sayar da 'yan tsaki. Akwai farantan sola a kan rufinsu. Bana kuma ta sayo babban batir mai ajiye wuta, don injin ya riƙe ɗumi ko babu rana.

Yarinyar ba ta son ɗakin ƙwan ko kaɗan. Tagarsa ƙarama ce. A kusurwa akwai farin akwati haɗe da batirin, da koren ido ɗaya wanda ba ya ƙiftawa.

Wata Asabar Mama za ta tafi Dabai. Ta ce, "Ki ƙara wa injin ruwa da tsakar rana. Ƙwai sittin ne, saura kwana biyu su fashe."

Kafin tsakar rana hadari ya rufe gari. Yarinyar ta shiga ɗakin da kofin ruwa. Sai ta ji numfashi. Fuuu. Fuuu.

Ta waiga, babu kowa. Iska mai ɗumi ta shafi ƙafarta. Daga akwatin take fitowa. Tsikar jikinta ta tashi.

Ita kuwa ta saba, in 'yan tsaki suka dame ta da kuka, zane take lulluɓa musu su yi tsit. Ta jawo bargo mai kauri, ta rufe akwatin ruf.

Jim kaɗan ta leƙo. Ta cikin bargon, idon ya koma ja. Akwatin ya yi ƙara sau uku, ya yi shiru. Fitilar injin ta mutu. Ta ruga madafa ta maƙale.

Da Mama ta dawo, ta ce, "Mi ya same ki, ɗiyata?"

Ta so ta yi ƙarya, amma ta tuna ƙwan. Ta ce, "Mama, akwai abu mai rai cikin akwatin. Na rufe shi da bargo, ya mutu."

Mama ta garzaya ta yaye bargon. Akwatin ya yi zafi zau.

Ta ce, "Fanka ce a ciki take sanyaya shi. Kin toshe ta, shi ya sa ya kashe kansa don kada ya ƙone."

Da ya huce ta kunna shi. Ta taɓa ƙwan, sun fara sanyi.

"Za su rayu, Mama?"

"Ban sani ba. Sai mu jira."

Kwana biyun nan yarinyar ko abinci ba ya mata daɗi. Ran Litinin da safe ɗakin ya cika da kukan 'yan tsaki. Hamsin da uku sun fito, bakwai ba su fashe ba.

Mama ta ɗora mata ɗaya a tafin hannu. Ta ce, "Da kin ɓoye mini, da ko wannan babu. Gobe in abu ya ba ki tsoro, ki tambaya kafin ki taɓa shi."