Mayafina a Reshen Bakin Kogi

Ɗamara kawai aka ce in kai. Darakta Nabeshima ne ya manta ta a kan kujera a ɗakin ɗaukar murya, kuma da yake gidana yana hayin kogin da yake jira a bakinsa, sai aka ga ni ce na dace da aike. A Landan na karanci wasan kwaikwayo. Na yi shekaru a kan dandamali. Ga ni yau a jirgin ƙasa, ina riƙe da ɗamarar yaron da na isa in haifa.

Fim ɗin zane muke yi, na barkwanci, wanda ake nunawa a talabijin kowane mako. Kowa a ƙasarmu ya san labarin tsohuwar da ke zaune a bakin kogin lahira, mai tuɓe wa matattu tufafi a rataye a reshe, nauyin laifin mutum ya lanƙwasa reshen. Wanda ya zo tsirara kuwa, fatarsa take cirewa. Kakata ba ta ambatonta sai ta rage murya. Shi Nabeshima sai ya mai da ita mai shagon wanki da guga, tana faɗa da matattu a kan tabon miya. Ni nake yi mata murya. Matasa suna dariya har da hawaye. Har yau ban gano abin dariyar ba.

Ranar ƙarshe ce ta bikin Obon, ranar da ake raka matattu su koma inda suka fito. Da na sauka daga jirgi rana ta kusa faɗuwa. A ƙofar gidaje an hura 'yan ƙananan wutar rakiya, hayaƙin kara da na turare sun cika layi. Gyare na ta kuka a bishiyoyi. Na gyara mayafin silikin da ke wuyana, na gangara bakin ruwa.

Can na sami Nabeshima shi kaɗai. Farar rigar gawa ce a jikinsa, da farar takarda mai kusurwa uku a goshi irin wadda ake sa wa mamaci, da takalmin gudu a ƙafa. Hoton talla za a ɗauka. Ya riƙe gaban rigar da hannu ɗaya don kada ta buɗe.

"Kuramochi-san!" ya kira sunana da girmamawa. "Kin cece ni. Mai hoto ya maƙale a hanya."

Na dubi ƙirjinsa. A al'adarmu, mai rai yana ɗora ɓangaren hagu na riga a kan na dama. Ko yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san wannan. Gawa kaɗai ake yi wa akasin haka.

Na ce, "Darakta, ka ɗora dama a kan hagu."

"Na sani mana. Gawa nake. Ai abin dariyar ke nan."

"Yau ake raka matattu. Kuma a bakin kogi kake."

"To, sai in bi ayari, in huta da cunkoson jirgi." Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke dai ko cakulkuli aka yi miki ba kya motsi. Landan ce ta busar da ke?"

Na buɗe jaka zan ciro ɗamarar in ba shi in yi gaba.

Sai gyare suka yi shiru. Duka, a lokaci guda.

Ƙarar motocin kan gada ma ta ɗauke. Ba abin da ya rage sai ɗigar ruwa. Ɗis. Ɗis. Ƙamshin turare ya gushe, wani wari ya maye gurbinsa, irin na wankin da aka manta a bokiti.

A bayan Nabeshima akwai bishiya. Na sha bin wannan hanya, ban taɓa lura da ita ba. Rassanta cike da jiƙaƙƙun tufafi. Rigar asibiti. Kwat na ma'aikaci. Kayan makaranta na yarinya ƙarama, a wani reshe da ko motsi bai yi ba.

A gindinta wata tsohuwa na tsugune. Haƙarƙarinta a waje. Farcenta ya fi yatsunta tsawo.

Ta ce, "Tuɓe."

Ba ta ɗaga murya ba. Kamar daga cikin kunnena maganar ta fito.

Nabeshima ya juya, ya tafa hannu ɗaya a cinya. "Kai! Wa ya shirya wannan? Kaka, daga wane kamfani? Kuramochi-san, ji murya don Allah. Wallahi ta fi ki."

"Darakta," na ce a hankali, "dawo nan."

Sai ma ya ƙara matsawa wurinta. Wawa ba ya jin magana sai in yabo ne.

Tsohuwa ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara kamar busasshen kara. Ta kama bakin rigarsa, ta murza tsakanin yatsu biyu, ta shinshina.

"Kaka, a hankali," in ji shi, yana dariya. "Ta aro ce. Daga ɗakin kayan wasa na ɗauko."

"Ba taka ba ce?"

"Ko zare ɗaya."

Ta saki rigar.

"To tsirara ka zo ke nan."

Ta ɗora farce a ƙasan wuyansa. Ta ja a hankali, kamar mai ɓare 'ya'yan itace. Wani siririn layi ja ya bayyana. Bakin fatar ya ɗaga.

Dariyarsa ta yanke. Bai yi ihu ba. Bai iya ba. Idanunsa kawai suka juyo gare ni.

Ba na son mutumin nan. Ban taɓa sonsa ba. Amma ƙafafuna sun riga ni yanke shawara.

Na shiga tsakaninsu. Sanyinta ya bugi bayana kamar an buɗe firji. Na fizge hannunsa daga rigar, na buɗe ta, na sa dama a ƙasa, na ɗora hagu a sama. Na zagaya ɗamarar a ƙugunsa, na ja da ƙarfi har ya yi nishi, na ƙulle.

Numfashinta na kan ƙeyata. Warin laka.

Ban juya ba. Na ce, "Mai rai ne, Kaka. Dubi naɗinsa."



Ɗis. Ɗis.

Wani dogon farce ya zo ta kan kafaɗata, ya bi gefen rigarsa daga wuya zuwa ɗamara. Ya tsaya.

"Hagu a sama," in ji ta, kamar wadda aka ɗauke wa kwano tana cikin ci. Sannan ta ce, "Hannuna ba ya komawa wayam."

Na kwance mayafina, na miƙa ta baya.

"Naki ne?"

"Nawa ne."

Aka zare shi daga hannuna.

Na ja Nabeshima muka haura tudu, yana tuntuɓe kamar buhu. Sai da muka kai gada na waiga. Da ma ban waiga ba.

Ta rataye mayafin a wani reshe mai kaurin cinya. Siliki ne, in ka dunƙule shi tafin hannu ɗaya ya ishe shi. Reshen ya yi ƙara. Ya sunkuya. Ya ci gaba da sunkuyawa, har ganyensa ya kusa taɓa ruwa.

Tsohuwa ta ɗago kai ta dube ni. Ta yi murmushi irin na mai shago da ta ga wadda za ta dawo.

Gyare suka ci gaba da kuka. Wata mota ta wuce.

An yi wa Nabeshima ɗinki a asibiti, ya ce musu waya ce ta yanke shi. Yanzu riga mai dogon wuya yake sawa ko da zafi, kuma kafin a fara kowane sabon kashi sai ya kwashi ma'aikata duka zuwa wurin ibada an yi musu addu'a. In ya gan ni yana sunkuyawa har kusan ƙasa. Ban ga ya ƙara hankali ba. Tsoro kawai ya ƙara.

Fim ɗin ya karɓu, an ma ba shi lambar yabo. Har yanzu ni nake yi wa tsohuwa murya, har yanzu mutane na dariyar tabon miya. Abin da ke ba mutanen zamanin nan dariya, ko kare na ba zan nuna wa ba.

Duk ranar ƙarshe ta Obon nakan tsaya a kan gada da faɗuwar rana. Ranar kaɗai bishiyar ke fitowa. Mayafina yana nan, bai koɗe ba.

Bana ganyen ya shiga ruwa.